Allon Abincin Da Ya Ƙi Karantuwa Daga Bakin Ƙofa

Akwai wata baiwar Allah da ake kira Maman 'Yan Biyu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da kwamfuta ɗaya.

Sana'ar marigayin haɗa allon abinci ce. Kun san talabijin ɗin nan da ake maƙalawa a bangon gidan cin abinci, yana nuna abinci da farashinsa, shafi na wucewa wani na shigowa? To, shi ke shirya su. Da manhajar nan da malamai ke haska darasi da ita yake yi. Idan ya gama sai ya zuba a filash, a soka a bayan talabijin, ya yi ta juyawa har a tashi aiki.

Ita ba ta taɓa yi ba. Leƙe kawai take yi ta bayan kafaɗarsa idan ta kawo masa shayi.

Kwana bakwai da fitarta takaba, wan mijinta ya zo ya zauna a falo.

"Mun yi shawara da 'yan'uwa," ya ce. "Ni zan ɗauki 'yan biyun. Babbar ta tafi wurin goggonta. Ke ki riƙe autan, ki koma gidanku."

"Yaya, a raba su kamar kayan gado?"

"To da me za ki ciyar da su? Da hawaye?"

"Da aikin babansu."

Ya dube ta, ya dubi kwamfutar da ƙura ta rufe. "Na ba ki zuwa ƙarshen wata. In ban ga aiki a hannunki ba, magana ta ƙare."

Duk masu ba marigayin aiki sun riga sun koma wurin wasu. Saura mutum ɗaya, Hajiya mai gidan abincin da ke kusa da tashar mota. Ta ƙara sabbin abinci, tana son a sake mata allo. Maman 'Yan Biyu ta yi ta maza ta ce ta iya.

Ranar da ta je karɓar jerin abincin, ta tarar da wani tsoho a kan tsani yana sabunta fentin sunan gidan. Baba Mai Fenti ake ce masa. Kafin zuwan talabijin, shi ke rubuta musu allon abinci da hannu. Ya sauko yana goge hannu, ya leƙa takardar da ke hannunta.

"'Yata, abinci arba'in da biyu na gani. A shafi nawa za ki zuba su?"

"Biyu."

"Kai! Biyu? Wanda ke ƙarshen layi fa, da me zai..."

Hajiya na tsaye tana jin su. Maman 'Yan Biyu ta saci kallonta. In Hajiya ta gane ba ta san aikin ba, shi ke nan. Sai tsoro ya fito mata ta baki a matsayin rashin kunya.

"Baba, wannan aikin kwamfuta ne, ba na gwangwanin fenti ba. Zamaninku ya wuce."

Tsohon ya ɗauki burushinsa ya koma kan tsani.

Kwana uku ta yi a gaban kwamfuta, autan na goye a bayanta. Ta cusa abinci ashirin da ɗaya a kowane shafi, ta ƙanƙance rubutun har ya shiga. Ta shimfiɗa hoton soyayyar kaza a baya, ta ɗora rubutu ruwan ɗorawa a kai. Ta sa shafin ya riƙa juyawa duk bayan sakan huɗu, yana wulwulawa kamar fanka. A gabanta abin ya yi kyau matuƙa. Hancinta na kusa da gilashin, kuma ta riga ta haddace jerin, don haka ba ta ga wata matsala ba.

Aka soka filash ana dab da cin abincin rana. Talabijin ɗin yana can sama, bayan teburin karɓar kuɗi, kusa da rufi.

Mutane suka fara shigowa. Na gaba ya ɗaga kai, ya runtse ido, ya matso, kafin ya kama layi ɗaya shafi ya wulwula ya tafi.

"Wai nawa ne shinkafa da kifi?"

"Malam, ga shi can a allo," in ji mai karɓar kuɗi.

"Wannan allo ne ko tururuwa ce ke bin kaza?"

Aka kwashe da dariya. Wani direba daga baya ya ɗaga murya: "Ku tsayar da abin nan mana! Ya fi motata gudu!"

Layi ya kai har waje. Kowa sai ya tambayi mai karɓar kuɗi abinci ɗaya bayan ɗaya. Direbobin da fasinja ke jira suka fara juyawa suna tsallaka titi zuwa wani gidan abincin. Maman 'Yan Biyu na rakuɓe a jikin firij tana ƙirga masu fita. Da ta kai goma sha ɗaya, Hajiya ta ɗauki rimot ta kashe talabijin.

"Don darajar mijinki na ba ki aikin nan," ta ce. "Gobe kafin sha biyu ki kawo abin da ido zai iya gani. In ba haka ba zan kira wani, kuma kar ki ga laifina."

Maman 'Yan Biyu ta fito. Ta zauna a kan dakalin tasha, ta buɗe kwamfutar, ta ƙura wa shafin ido. Wallahi a wurinta lafiyarsa ƙalau. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali: ba ta ma san abin da za ta gyara ba. Ta tuna 'yan biyun da ko barci ba sa yi sai ƙafar wani na kan ta wani. Hawaye ya ɓalle mata a bainar jama'a.

Mutum ɗaya ne ya hango matsalar tun kafin ta faru, kuma shi ta ci wa mutunci.

Da tambaya ta gano shagonsa, wani ɗan ɗaki mai warin fenti da kananzir. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini. In aikin nan ya kuɓuce, raba mini 'ya'ya za a yi."

Ya ce, "Tashi, 'yata, kar fenti ya ɓata miki zane. Ni ko kunna abin nan ban iya ba. Amma shekara arba'in ina rubutu don masu jin yunwa. Miƙo shi."

Ya ɗora kwamfutar a saman kabad, ya ja Maman 'Yan Biyu zuwa tsakiyar titi.

"Karanta mini."

Ta ɗaga kai. Ba ta ga komai ba sai ɗigo-ɗigo a kan kaza.

"To nan mai saye yake tsayawa. Ke kin yi allon ne don mai zama a kujerarki."

Suka koma ciki. Ya ce abinci bakwai a shafi, kar ta ƙara ko ɗaya. Shinkafa da danginta wuri guda, abin sha wuri guda. Ta cire hoton daga bayan rubutu ta mai da shi gefe. Bangon shafin baƙi, rubutu fari, farashi ya fi komai girma.

"Wulwulawar nan kuma ki cire ta. Mai jin yunwa jiri yake ji tun daga gida."

Da aka zo kan lokaci, ya ce ta riƙe agogo. Ya koma bakin titi, ya cire tabarau, ya karanta shafin da ƙarfi, a hankali, yana bin kalma ɗaya-ɗaya, sau biyu.

"Nawa?"

"Sakan ashirin, Baba."

"Sa haka. In ni da idon nan na karanta, kowa ma zai karanta."

Shafi shida suka yi. Kowanne sai da tsohon ya fita titi ya dawo, yana dafa gwiwa, har la'asar ta yi sanyi.

Washegari aka soka filash. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a ƙarshen layi, bakinta na motsi da addu'a. Direban jiya ya shigo, ya ɗaga kai daga bakin ƙofa.

"Taliya da ƙwai, da lemo mai sanyi! A'a, yau an gyara wa allon birki ke nan?"

Layi ya riƙa tafiya. Ba wanda ya tambayi farashi. Hajiya ta tsaya ta kalli shafi shidan har suka zagayo, sannan ta juyo.

"Duk wata nakan canja abinci. Ke za ki riƙa yi. Ƙanwata ma tana da gidan burodi, zan ba ta lambarki."

"Hajiya, don Allah ki rubuta mini a takarda."

Da takardar ta wuce gidan wan mijinta. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa.

"To," ya ce. "Ki riƙe 'ya'yanki. Allah ya taya ki."

Har yau, duk allon da ta haɗa sai ta kai wa Baba Mai Fenti ya karanta daga tsakiyar titi, kuma tana ba shi rabonsa. Yaran huɗu suna nan a ɗaki ɗaya, suna faɗa a kan bargo.

Darasi: Kada tsoro ko sabon kayan aiki ya sa ka raina wanda ya riga ka sanin sana'a. In kuma ka yi kuskure, ka sauke kai ka koma ka ba da haƙuri tun da sauran lokaci. Ni ma na rasa nawa mijin, na san yadda firgici ke sa baki ya yi kaifi a kan mai son taimakonka. Ku tura wa wani labarin nan, wataƙila akwai ƙofar da yake jin nauyin komawa ya ƙwanƙwasa.