Ginshiƙi Na Uku

Akwai wani gida da duk wanda ya wuce ta gabansa sai ya waiga. Fari ne tas kamar akwati, an ɗora shi a kan ginshiƙai shida, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. Tagarsa ɗaya ce doguwa, daga wannan bango har wancan. Rufinsa na kankare ne a shimfiɗe, da ɗan gajeren bango zagaye da shi. 'Yan unguwa suna ce masa Gida Mai Ƙafafu. Ɗalibai masu karatun zanen gini daga nesa suke zuwa ɗaukar hotonsa.

Wanda ya zana gidan ya daɗe da rasuwa. Matarsa ce ta rage a ciki, kowa Kaka yake ce mata. Gida ya shekara sittin, bango ya fara tsagewa, sai hukuma ta aiko da takarda: ko a gyara, ko a rushe.

"Ni daga ɗakin nan sai kabari," in ji Kaka. "Su zo su rushe da ni a ciki."

Tana da jika, tun bai gama makaranta ba ake ce masa Injiniya. Gaskiya ya iya aikinsa. Zai gina maka gida sukutum a cikin kwamfuta, ya juya shi, ya ɗage rufin, ya shiga da kai har banɗaki. Matsalarsa ɗaya, ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana.

"Kwantar da hankalinki, tsohuwa," ya ce. "Zan gina gidan a kwamfuta, ɗan kwangila ya bi zanena ya gyara."

"To, mijin ƙarya. Mijina na gaske da fensir ya yi nasa."

Ya kwaso tsofaffin takardun zanen kakansa, ya auna gidan lungu da saƙo, ya zuba komai a kwamfuta. Sai abu biyu suka ƙi dacewa da takarda. A takarda rufi a miƙe yake, amma a zahiri ya karkata gefe ɗaya da kamar yatsu huɗu. Ginshiƙi na uku kuma in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ganga, alamar rami ne a ciki.

Tsufa ne, in ji Injiniya. Ya ja layin rufin ya miƙar. Ya danna ginshiƙin ya cike shi. Minti biyu bai yi ba.

A ƙarƙashin gidan akwai wani dattijo da yake wuni a kan benci, ana ce masa Baba Magini. Yana saurayi aka yi ginin da shi. Maganarsa a hankali take, kuma kullum daga farkon labari yake farawa.

"Ɗan nan, rufin nan ba a miƙe yake ba."

"Na gani, Baba. Shi zan gyara."

"A'a, tsaya. Shekarar da aka gama ginin, ni da kakanka…"

"Baba, don Allah ina sauri."

"Ginshiƙi na uku…"

"Rami ne, na sani! Ga takardar kakana a hannuna. Kai kwanon siminti ka ɗauka, shi kuma ya zana. Wa zan bi?"

Leburorin ɗan kwangila da ke wurin suka kwashe da dariya. Injiniya ya toshe kunnuwansa da waya ya haye sama.

Ɗan kwangila ya bi zane tiryan-tiryan. Aka zuba sabon kankare a rufi har ya miƙe. Aka fasa gefen ginshiƙi na uku aka ɗura masa siminti. Ruwan sama kuma aka bar masa ƙananan ƙofofi biyu a gefe, yadda tsohuwar takarda ta nuna. Aka yi fenti, gida ya fito kamar sabo. Injiniya ya sa hotuna a shafinsa, yabo har ya gaji da amsawa.

Damina ta sauka. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Rana ta uku da hantsi, Baba Magini ya zo a jiƙe sharkaf, ya ɗora tafin hannunsa a ginshiƙi na uku. Shekara sittin, duk ranar ruwa, yana jin motsin ruwa na gangarowa a cikinsa. Yau shiru.

Ya ja ƙafa ya hau bene. Injiniya na zaune a falo da kwamfutarsa.

"Ɗauki kakarka ku fita."

"Baba, wai me…"

"Yau kai za ka yi shiru! Ɗauke ta!"

Injiniya bai taɓa jin tsawar dattijon ba. Ya ɗaga kai, sai ya ga silin ya yi ciki, ruwa na ɗiga ta wajen fitila. Ya sungumi Kaka tana faɗa tana neman takalminta.

Suna tsallaka titi suka ji ƙarar. Rufin ya rufta daidai kan gadonta.

A nan bakin titi, cikin ruwa, Baba Magini ya samu ya ƙarasa maganarsa. Shekarar farko, ƙananan ƙofofin nan sun kasa, ruwa ya taru a sama gida ya yi ta yoyo. Kakan Injiniya ba ya son indararo ya ɓata fuskar gidansa. Sai su biyu suka karkatar da rufin, suka sake ginshiƙi na uku da bututu a cikinsa, ruwa ya riƙa bi ta nan ya shige ƙasa.

"Bai koma kan takarda ya gyara ba," in ji Baba. "Cewa ya yi ai ina nan, zan faɗa wa na baya."

Injiniya ya kasa kallonsa.

Bayan wata ɗaya hukuma ta kawo mota ta kwashe abin da ya rage. Kaka ta koma gidan 'yarta, ɗaki mai 'yar taga da ke kallon katanga. Ba ta zagi jikanta ba. Ta dai daina ce masa mijin ƙarya, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo.

Sai da Injiniya ya je ya durƙusa gaban Baba Magini, ya zauna ya ji labarin daga farko har ƙarshe. Ya buɗe kwamfuta ya karkatar da rufin, ya mayar da bututun. Gidan ya zama daidai, amma a kwamfuta kawai.

Wata rana da yamma Kaka ta kira shi.

"Buɗe abin nan naka, ka kai ni ɗakina."

Ya buɗe, ya hau da ita bene, ya shigar da ita ɗakin. Ta daɗe tana kallo.

"Juya ni wajen taga," ta ce. "Ka bar ni a nan."

Darasi: Ba duk abin da ka ga ya karkace ne kuskure ba, wani da gangan aka yi shi, kuma dalilin yana bakin mutumin da kake ganin bai kai ka ba. Ka bari babba ya gama magana kafin ka ce "na sani". Ku tura wa wanda kuka san yana katse mutane, ko da ku ne, ku fara da kanku.