Bangon da Rahina Ta Ɗaga da Ƙafa

Akwai wani bawan Allah a Greensboro, Malam Sanda, da matarsa Rahina. Na san su, kuma ina son su, shi ya sa zan faɗi labarin nan ba tare da rufa wa Malam asiri ba.

Kafin ya zo Amurka, shekara ashirin da biyu Malam Sanda ya yi yana aikin birkila a Zariya. A nan babbar mota yake tuƙawa, amma har yau in ya shiga gidan mutane sai ya ƙwanƙwasa bango ya girgiza kai, ya ce wannan kwali ne ba gini ba.

Ita kuwa Rahina shekararta shida a wani babban shagon kayan gini da ke Wendover, tana nuna wa masu saye abin da ya dace da aikinsu.

Sai ga albishir: mahaifiyarsa, Hajiya Jimmai, ta samu biza, nan da wata guda za ta sauka. Hajiya tana da asma, ga ciwon gwiwa, ɗakunan kwanan gidansu na McLeansville kuma duk a sama suke. Sanda ya ce zai mayar da gareji ɗaki, kuma da hannunsa zai yi wa uwarsa.

Ranar da aka kawo allunan drywall, waɗanda ake yin bangon ɗaki da su a nan, Rahina ta dawo daga aiki da wani ɗan ƙarfe, tsawonsa bai kai takalmi ba. Gabansa yana da baki siriri, bayansa wurin takawa.

"Baban Dalila, ga wannan," ta ce, don da sunan 'yarsu take kiransa. "Allon sama ake fara kafawa. Sai ka zura bakin nan ƙarƙashin na ƙasa, ka taka, ya ɗaga ya haɗu da na sama. Hannunka biyu suna sake, ka ɗaure abinka. Kuma dole a bar rabin inci tsakaninsa da simintin ƙasa."

Sanda ya juya ƙarfen a hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Rahina ke nan. A ina kika taɓa ganin an fara gini daga sama? Bangon da bai taka ƙasa ba ai ba bango ba ne, labule ne."

"Wannan ba bulo ba ne, Malam. Ruwa yake sha."

"Ke dai ki ji da shagonku, ni in ji da gini."

Ta bar masa shi ta wuce. Ƙarfen kuwa ya samu aiki, da shi Malam ya tokare ƙofar kicin.

Haka ya kafa bango uku, kowane allo zaune daram a kan siminti, yana yi yana waƙa. Kafin ya kai ga na huɗu aka tura shi da kaya Tennessee, kwana biyu. Rahina ta duba kwanan wata, ta ɗauko ƙarfenta, ta kira Dalila suka gama bangon yadda ta sani.

Da ya dawo ya ga ratar da ke ƙasa, sai ya tsuguna yana zura yatsa. "Wannan ƙofar kyankyasai ce kika buɗe wa Hajiya?" Ya rufe wurin da katakon gindin bango, wai kada baƙi su gani a yi masa dariya.

In an ƙi ji ai ba a ƙi gani ba. Ƙarshen Satumba aka yi ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ruwa ya silalo ta ƙasan tsohuwar ƙofar gareji, ɗan kaɗan, ko tafin ƙafa bai rufe ba. Suka goge, suka manta.

Bayan mako guda ɗakin ya fara wari. Sanda ya ɓamɓare katako, ya ga bangayensa uku sun sha ruwa kamar burodi a shayi, funfuna ta yi baƙi a gindinsu. Ya je bango na huɗu ya danna da yatsa. Garau yake, a bushe.

Saura kwana tara Hajiya ta sauka, kuma mai asma ba ta kwana a ɗakin funfuna. Ya zauna a kan bokitin fenti, hankalinsa a tashe, kunya kuma ta rufe shi.

Jama'a, a nan Rahina ta burge ni. Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ko da ido. Shayi ta kawo masa, ta koma ciki. Can sai ya ji ƙofar kicin ta rufe da kanta, ga Rahina da ƙarfen a hannu, ta ajiye kusa da ƙafarsa.

Ya daɗe yana kallonsa. "Maman Dalila, ki koya mini."

Suka cire allunan da suka lalace, suka busar da wurin, suka toshe hanyar ruwan. Takun farko da Malam ya yi, da ƙarfin birkila ya yi shi, gefen allon ya fashe.

"A hankali, Malam. Ba kunama kake kashewa ba."

Ya sake takawa a sannu. Allon ya tashi sumul ya manne da na sama. Ya tsaya da hannu biyu a sake, yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyautar Sallah.

Ranar rataya ƙofa ita ta taka, ƙofar ta ɗaga daidai, shi ya ɗaure sukuru. Saura kwana biyu suka gama fenti.

Da Hajiya Jimmai ta shiga ɗakin, ta shafa bango, ta ja numfashi sosai, ko tari ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Hannun mahaifinka ka gado."

Ba wanda zai ƙaryata shi da ya yi shiru. Amma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, nawa ginin ruwa ya cinye shi. Wannan da kike gani, Rahina ce ta koya mini. Ita za ki sa wa albarka."

Rahina ta ja mayafi za ta gudu kicin don kunya, Hajiya ta riƙo hannunta ta zaunar da ita a bakin gado. Ta dubi ɗanta ta ce, "To ka fi mahaifinka. Shi shekara talatin ina faɗa masa inda rufinmu yake yoyo, har ya koma ga Allah yana cewa iska ce."

Ƙarfen yana nan rataye a bangon ɗakin Hajiya. Ƙofar kicin kuwa yanzu da guntun bulo aka tokare ta.

Darasi: Gwanintarka ta jiya ba ta hana ka koyo yau, kuma mai ilimin da kake buƙata wataƙila a gidanka yake. Kada ka raina shawara don daga bakin matarka ta fito, in ta yi daidai kuma ka yabe ta a gaban mutane. Ku tura wa 'yan uwa, musamman magidanta irin Malam Sanda.