In Namiji Ya Taɓa Ki

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi. Wanda ya ce ta zo mu ji ta, ya gyara zama.

Akwai wata yarinya a Rawayya, ƙasar Bunguɗu, mai suna Shafa'atu, 'yar shekara goma sha huɗu. Ita ce 'yar fari, don haka mahaifiyarta Suwaiba ba ta kiran sunanta saboda kunya, sai dai "ke".

Ranar da ta fara ganin jinin al'ada, Suwaiba ta miƙa mata tsumma mai tsabta tana kallon bango.

"Ke, kin girma. Daga yau in namiji ya taɓa ki, ciki za ki yi."

Iyakar karatun ke nan.

Bayan mako biyu, tana dawowa daga niƙa, wani bijimi ya tsinke igiya ya yo kanta. Maƙwabcinsu Mannir ya fizgo hannunta ya jefa ta zaure. Mutane na sa masa albarka, ita kuwa wuyan hannunta take kallo.

Wata ya zagayo, jini bai zo ba.

Ta daina cin tuwo. Ta daina zuwa Islamiyya. Ta riƙa dirje hannun da toka har fata ta saɓule. Suwaiba tana gani, amma ta ce wa ranta zazzaɓi ne.

Wata na biyu ma shiru. Sai Shafa'atu ta gaya wa ƙawarta Ummulkhairi cewa ta yi ciki.

"Innalillahi! Da wane ido babanki zai shiga masallaci?" in ji ƙawar. Washegari ta kawo mata ƙullin saiwoyi. "An ce wanke ciki yake yi tas."

Ranar Juma'a da hantsi Shafa'atu ta zagaya bayan rumbu da kwano. Jiƙon ya yi baƙi ƙirin, ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Ta kurɓa sau ɗaya. Ta kurɓa na biyu.

Allah ya sa Gwaggo Saude, ƙanwar babanta, ungozoma a wani asibiti a Gusau, ta zo gida ran nan. Ta zagaya da buta, ta tarar da ita durƙushe tana amai, idanu sun juye. Ta yi ƙwallo da kwanon, ta ƙwala ihu a kawo babur.

Sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda uku a Bunguɗu ta buɗe ido, ta faɗi dalili.

"Wa ya yi miki?" in ji Saude.

"Mannir."

"Mi ya yi miki, ɗiyata? Faɗi, ba mai dukanki."

"Hannuna ya kama, ranar da bijimi ya biyo ni."

"Sai mi?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

Dariya ta zo wa Saude, hawaye ya riga ta. Ta ja kujera.

"Saurara. Kusan kowane wata jikin mace yana sakin ƙwai guda, ɗan mitsitsi. Mahaifa ta yi masa shimfiɗa. Ciki ba ya samuwa sai maniyyin namiji ya haɗu da ƙwan nan, ta hanyar saduwa, wato gaban namiji ya shiga gaban mace. In ba su haɗu ba, shimfiɗar ta zubo, ita ce al'ada. Mai farawa irinki kuwa takan tsallake wata biyu ko uku, ba komai ba ne. Riƙon hannu ba ya sa ciki, balle na wanda ya cece ki daga ƙaho. Amma duk mai neman kai hannu inda tufafinki suka rufe, ki guje shi, ki gaya mana."

Ta waiwayi Suwaiba da ke raɓe a ƙofa.

"Kalma guda kika ba ta, ta kusa kai ta kushewa."

Suwaiba ta matso a hankali. Ta kama wuyan hannun nan da ya saɓule, ta daɗe tana kallonsa.

"Shafa'atu," ta ce.

Ran nan yarinyar ta fara jin sunanta a bakin uwarta.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan kusu ya ƙone.

Darasi: Kunya ado ce, amma rabin bayani guba ne. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku gaskiyar jikinsu kafin ƙawa ta gaya musu ƙarya. Yara, ku tambayi babba kafin ku sha abin da ba ku sani ba. Ku tura wa wata uwa ta karanta.