Zanen Kwarin da Ba Kowa

Ranar Laraba da hantsi, a zamanin da, fatake suka shigo fadar wani sarki da naɗaɗɗen ƙyalle. Rijiyoyin garin sun ƙafe, kuma shekara shida ke nan da Sarki ya aiki Jatau mai zane ya dubo wani kwari mai nisa, ko jama'a za su koma can. Jatau bai dawo ba, zanensa ne ya iso.

Aka warware. Ga kwari shiru tsakanin duwatsu, kogi na gudu, ciyawa kore shar, ba mutum ba dabba.

Waziri Barau, wanda tun farko shi ya rantse da rawaninsa a kan kyawun kwarin, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙasa ce ba mai ita. A yi shela, mu tashi bayan Juma'a." Malamai suka gyaɗa kai.

Kyallu matar Jatau, wadda ta shekara ashirin tana niƙa masa shuni da jar ƙasa, ta yini biyu a ƙofar fada, sai da aka shigar da ita. Ta durƙusa, ta bi zanen da ido daga dama, inda mijinta ya saba farawa.

Waziri ya ce, "To, gwanar dutsen niƙa, me kika hango da ya ɓuya wa malamai?"

Ta ce wa Sarki, "Ranka ya daɗe, dubi tsamiyar nan ta dama, ganye ɗaya-ɗaya ya zana. A tsakiya layi ya yi kauri. A hagu kuwa da yatsa ya shafa, shunin kogi har kan dutse. Jatau ko zazzaɓi yake, launi bai taɓa tsallake masa layi ba. Ganinsa ne ke raguwa yana zane. Waɗannan kuma na bakin ruwa ba duwatsu ba ne, kufai ne, ga murhu nan. Ba a gudun ƙasa irin wannan a banza."

"Lalaci ne kawai," in ji Waziri.

Kyallu ta ce, "A tambayi madugun fatake yadda ya karɓo ƙyallen."

Madugun fataken ya sunkuyar da kai. "Zaki, sai da Jatau ya lalubo hannuna sannan ya miƙo mini. Ya ce cizon ƙananan ƙudajen kogin ke makanta mutum. Na gaya wa Waziri, ya ce in rufe bakina."

Sarki ya soke shelar, ya tuɓe rawanin Waziri, ya sa aka ƙara wa rijiyoyi zurfi. Kyallu ta bi madugu da jakai biyu. Ranar kwana arba'in ta shigo gari, Jatau na riƙe da gefen mayafinta.