Zinariyar Galadima

A wani gari an yi wani maƙerin fari mai suna Barmo, wanda ya ƙware wajen tace zinariya har kasuwarsa ta fara tsone wa Jatau, Sarkin Maƙera, ido. Jatau ya yi ta zuga Galadima, har ran nan aka kira Barmo.

Galadima ya ajiye curin zinariya a gabansa, ya ce, "Ka tace mini wannan tas, amma kada ta ragu ko da nauyin ƙwayar gero. In ta ragu, ka rufe maƙerarka ka bar garin nan."

Barmo ya san duk zinariyar da ta sha wuta sai ta zubar da dattinta, nauyinta ya ragu. Ya jujjuya curin, ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gwada ta ranar da aka saye ta?"

Jatau ya gyara zama. "Ni ne. Da hannuna na goga ta a dutse."

"Ka ga algus a ciki, Sarkin Maƙera?"

"Ni zan bar algus ya shiga taskar Galadima? Ko ɗigo babu."

Barmo ya miƙa curin da hannu biyu. "To, ranka ya daɗe, ga ta nan tatacciya, nauyinta cif, babbanmu ya shaida. In kuma ana so in hura wuta, sai in hura. Duk tagullar da ta fito, a tambayi wanda ya gwada."

Galadima ya dubi Jatau. "A hura?"

Jatau ya share gumi. "Ranka ya daɗe, gawayi ya yi tsada bana. Aikin Barmo ya yi kyau haka."