Ganga Uku da Ƙwaryar da Ta Fashe

Akwai wani manomi da gonarsa take bakin kogi. Yana da ɗa guda, wanda ya yi gida a ƙetaren ruwa. In damina ta yi nisa kogin yakan cika, ba mai hayewa, murya kuma ba ta kaiwa. Sai uban ya ɗauki ƙwarya biyu ya yi musu zane iri ɗaya. Layi ɗaya, ya zana rana: muna lafiya. Layi uku, ya zana ɗaki: dawo gida. Layi huɗu, ya zana kada: kar ka hayo. Ya riƙe ɗaya, ya ba ɗan ɗaya, ya ce, "In ka ji gangata da safe, ka ƙirga bugun, ka duba ƙwarya."

Ana nan sai suka yi faɗa a kan wata fadama. Ɗan ya gaya wa ubansa maganar da ba a gaya wa uba, ya haye ya tafi. Bai daɗe ba akuya ta taka ƙwaryarsa ta fashe. Ya ce a ransa, ai na haddace. Ya samo wata ya zana da ka, amma ya sa kada a layi uku, ɗaki a layi huɗu.

Kowace safiya uban yakan buga ganga sau uku. Ɗan ya ƙirga, ya duba ƙwaryarsa, ya ga kada. Ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Har yau bai huce ba." Ruwa ya janye, bai je ba. Uban kuwa ƙafa ta riga ta ƙi, ba ya iya tafiya. Shekara biyu ke nan.

Ran nan gwaggonsa, ƙanwar uban, ta zo daga garinsu, ta biya wajen yayanta, sannan ta hayo da sandarta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Kai ɗan nan, kurma ka zama? Hannun yayana ya yi kanta saboda kiranka."

Ya ce, "Gwaggo, korata yake yi. Ga shi, uku, kada."

Ta juya ƙwaryar ta ce, "Wa ya yi wannan zane? Wannan kada ne ko ƙadangare? Ba hannun ubanka ba ne." Ta kwance ɗaurinta ta fito da ta uban. Layi uku, ɗaki.

Ɗan bai tsaya neman takalmi ba.

To, ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Shekara shida na yi a Fatakwal ina aiki a shagon buga takardu, can na koyi cewa kwamfuta ba ta san harafi ba. In ka danna babban A, lamba 65 take ajiyewa. B kuma 66. Lambar ce take tafiya, na'urar da ta karɓa ta duba jerin da aka yi yarjejeniya a kansa, ta mayar da ita harafi. In jerin nata daban ne, lambar za ta iso lafiya lau, amma abin da zai fito a allo shirme ne. Laifin ba na mai aikowa ba ne.

Manomin nan Allah ne. Ƙwaryarsa Maganarsa ce. Mu ne muke yar da ita, mu zana tamu da ka, kuma mai laifi a zuci kullum kada yake zanawa. Ni kaina duk lokacin da mahaifiyata ta bugo waya ta ce, "Yaushe za ka zo?" faɗa nake ji. Da na dawo bara na tarar tana share ɗakina kowace Asabar.

Wataƙila akwai wanda yake zaune a nan yau yana cewa Allah ya gama da shi. Ɗan'uwa, ƙirgarka daidai ce, sau uku aka buga. Amma kafin ka ce an kore ka, duba da kyau: ƙwaryar wa ke hannunka?