Cokali Ɗaya na Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, shekaru masu yawa da suka wuce, wani bawan Allah da ake kira Malam Sallau. Ma'aikacin jinya ne a ɗan asibitin garin, inda likita ba ya zuwa sai ranar kasuwa. Ku saurara, jama'a, domin yau da ɓacin rai na zauna a gabanku.

Ran nan aka kawo wani dattijo, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Malam Sallau ya tayar da shi zaune, ya yi bisimilla, ya ba shi ruwa cokali ɗaya, ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa. Maƙogwaron bai motsa ba. Sai tari, sai idanu suka kawo ruwa.

Ya dubi Alhaji Haladu, babban ɗan dattijon, ya ce, "Alhaji, Baba ba ya iya haɗiya. Duk abin da ya shiga bakinsa, huhu zai tafi. Kada a ba shi komai ta baki. Zan sa masa ƙarin ruwa, abinci kuma ta robar hanci."

Haladu ya ce, "Uban nawa za ka hana wa ruwa? Kai likita ne? Kai da aikinka kwashe fo!"

Malam Sallau ya ce, "Haka ne, Alhaji, ina kwashewa. Amma kada a ba shi."

Washegari da hantsi Haladu ya zo da rubutu a moɗa. Ya faki ido, ya tallafi kan mahaifinsa zai yi masa ɗura. Ɗura, jama'a! Ga mutumin da ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa! Malam Sallau ya hango, ya zo da gudu ya riƙe hannun. Haladu ya kwaɗa masa mari a gaban majinyata.

Zuciya ta taso wa bawan Allahn nan, kunnensa na ƙara. Bai rama ba, kuma bai saki hannun ba. Ya ce, "Alhaji, na yafe marin. Rubutun nan ni ma ina girmama shi. Miƙo." Ya yi bisimilla, ya shafa wa dattijon a fuska da ƙirji, ya jiƙa auduga ya goga masa a leɓe.

Haka ya yi ta yi. Duk bayan awa biyu ya juya dattijon don kada kwanciya ta ci masa baya. Kullum da safe ya gwada cokali ɗaya. Tari. Gobe ma tari. Haladu na zagi, shi yana juyawa.

A rana ta tara maƙogwaro ya motsa. Babu tari. Malam Sallau ya sake cika cokalin, ya miƙa wa hannun da ya mare shi, ya ce, "Alhaji, zo. Kai za ka ba Baba. A hankali."

Haladu ya karɓa, ya kasa ɗaga ido.

To, ku da ke shiga asibiti da kunu a ɓoye cikin mayafi da aljihun babbar riga, da ku nake! Ƙaunar da babu ilimi a cikinta kisa take yi, sannan ku ce kwana ne ya ƙare. Addini ya umarce mu da tambayar masu sani, bai ce mu mare su ba. Idan mai jinya ya ce kada a ba shi, ku ajiye moɗar, ku ɗaga hannu ku yi addu'a. Ran da ke kan gadon nan amana ne, kuma za a tambaye ku. Allah Ya sa mu gane.